Yadda ake sarrafa zafi wajen zuba ƙoton roba a mazubin alminiyum

Zubin farko ba kasafai yake fita daidai ba. Ka narka roba yadda ya kamata, launi ya zauna, ka tura ta cikin mazubi, ka buɗe da murna, sai ka tarar da tanar roba mai guntuwar wutsiya, ko ɗan kifin da jikinsa ya yi layi-layi kamar an tsattsaga shi. Mai koyo sai ya ɗora wa robar laifi, ya ƙara mata wuta, ta ƙone, wuri ya turnuƙe da hayaƙi. Alhali ba ruwan robar. Mazubin ne ke da sanyi. A wannan aikin zafi biyu ake kiwo a lokaci guda, na robar da ke cikin kofi da na ƙarfen da za ta shiga, kuma yawancin masu farawa na farkon kawai suke lura da shi.

Ƙoton roba shi ne abin yaudarar kifi da ake yi da roba mai laushi a siffar tana, ko ƙaramin kifi, ko jatan lande, a soka shi a ƙugiya. An fi danganta farkonsa da wani Ba'amurke, Nick Creme, wanda ya fara zuba tanar roba a gidansa da ke Akron a jihar Ohayo a 1949. Har yau ainihin aikin bai sauya ba: ruwan roba, wuta, mazubi. Ruwan robar sunansa filastisol, wato garin robar PVC da aka dama cikin wani mai da ke sa ta laushi. A cikin jarka fari ne kamar madara. Idan ya ji wuta sai ya yi kauri ya dunƙule, daga nan ya saki ya koma ruwa garau, kuma ba ya gama nuna sai ya kai wajen digiri 177 a ma'aunin Salshiyas. Duk inda na ambaci digiri a gaba, wannan ma'aunin nake nufi.

Halin alminiyum

Ana yin mazubi da filasta, ana yi da silikon, amma wanda ya daɗe a sana'ar yakan ƙare a alminiyum. Ba ya tsagewa, ba ya tsufa da wuri, kuma yana fitar da siffa tsaf, har ɓawon jikin kifi da ƙananan ƙafafu. Ba ya narkewa sai a digiri 660, saboda haka zafin roba ba zai yi masa komai ba. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda inji ya sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe, cikinsa sumul, ƙotonsa na fita da sheƙi. Akwai kuma wanda aka zuba, cikinsa da ɗan kaushi, ƙotonsa ba ya walƙiya sosai. Kifi dai bai damu ba, mai kamun ne ke son sheƙi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne alminiyum ɓarawon zafi ne. Yana jan zafi fiye da silikon ninki ɗaruruwa. Da zarar roba ta taɓa bangonsa sai ya tsotse zafinta ya watsa shi cikin jikinsa duka. Wannan halin ne ke sa ƙoto ya daskare cikin 'yan mintuna ka sake zuba wani, kuma shi ne ke sa roba ta sandare a rabin hanya idan mazubin ya yi sanyi. Sannan zafin da ya sata ba ya ɓacewa, taruwa yake yi. Mazubin da ka fara aiki da shi yana sanyi, bayan zubi biyar ko shida sai ka ga ba ya taɓuwa da hannu, matsalar kuma ta juya ta zama wata daban. Ke nan ba saiti ɗaya za ka yi ka huta ba, bin sa za ka riƙa yi daga farko har ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Na'urar maikirowef ta daban wadda ba za a sake ɗumama abin ci a cikinta ba, ko ƙaramar tukunyar lantarki mai saitin zafi. Kofin gilashi mai jure wuta irin na Pyrex. Wuƙar ƙarfe mara kaifi ta motsawa. Kada ka yi amfani da itace, domin yana riƙe laima da iska, ya cika maka roba da kumfa. Sirinjin alminiyum na tura roba idan mazubinka mai rufewa ne, wato mai ɓangare biyu da ake haɗawa. Ƙarafan matse mazubi, aƙalla biyu. Farantin lantarki ko na'urar busa iska mai zafi don ɗumama mazubi. Fanka. Sai ma'aunin zafi, wanda ba a yin aikin nan babu shi.

Ma'aunin zafi yana buƙatar ɗan bayani. Mai tsinke da ake tsomawa ya fi gaskiya wajen auna roba. Wanda ake haskawa daga nesa yana da sauri, amma fuskar sama kawai yake karantawa, don haka sai ka motsa robar sosai kafin ka haska. A kan alminiyum mai sheƙi kuwa ƙarya yake shararawa, ya nuna maka adadi ƙasa da ainihin zafin ƙarfen, saboda ƙarfe mai ƙyalli ba ya fitar da hasken zafi yadda na'urar ke tsammani. Maganin abin da sauƙi. Ka manna ɗan baƙin tef mai jure zafi a bayan mazubin, ko ka ɗiga baƙin fenti mara sheƙi, ka riƙa haska nan wurin kullum.

Kayan kariya kuma: safar hannu ta fata mai kauri, riga mai dogon hannu ta auduga, tabarau, takalmi rufaffe, da takunkumi mai matatar da ke tare tururin sinadarai, ba na ƙura ba. Roba mai digiri 170 ta fi tafasasshen ruwa muni, domin mannewa take yi a fata ta ci gaba da ci. Ka yi aikin a wurin da iska ke ratsawa, yara da dabbobi na nesa. In tsautsayi ya sa ta zubo maka, ka sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na minti 20, kada ka fizge robar da ƙarfi, in ƙunar babba ce a tafi asibiti.

Mataki na ɗaya: shirya mazubi

Sabon mazubi yakan zo da ragowar man inji. Ka wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, ka bi ƙananan kafofin iska, wato siraran layukan nan da aka tsaga daga gurbin ƙoto zuwa waje don iska ta samu mafita. Kada soda ta kusance shi, cin alminiyum take yi. Kada kuma ka kankare shi da wuƙa ko waya. Ƙarfe ne mai taushi, kuma duk ƙarzanen da ka yi masa zai fito a jikin kowane ƙoto har abada.

Bayan wanki sai bushewa, bushewa ta gaske. Ɗigon ruwa guda idan ya haɗu da roba mai zafi nan take yake zama tururi, girmansa ya ninka wajen sau 1,700, ya watso robar sama. Na taɓa tsoma wuƙar da na ɗauraye na goge da tsumma, ina ganin ta bushe, ashe akwai laima a gindin mariƙinta. Kofin ya yi tartsatsi, kuma tabarau ne ya cece ni a ranar. Tun daga nan duk abin da zai taɓa roba sai ya hau farantin lantarki tukuna.

Mataki na biyu: ɗumama mazubi

Nan ne zuciyar aikin. Ka ɗora ɓangarorin mazubin biyu a kan farantin lantarki, wuta can ƙasa, cikinsu na kallon sama, ka bar su su ɗauki zafi a hankali yayin da kake shirya roba. In da na'urar busa iska kake yi, ka riƙa yawo da ita ko'ina, kada ka tsaya wuri ɗaya. Harshen wuta kai tsaye ba shi da amfani a nan, yana iya zafafa gefe ɗaya ya bar ɗaya, mazubin ya ɗan karkace, ya daina haɗuwa ƙam.

Ga mazubi mai rufewa da ake turawa da sirinji, ɗumi ake so ba zafi ba. Ni ma'aunina shi ne in iya ɗora tafin hannu a bayansa na ɗan lokaci ba tare da na janye ba. Mazubi mai siraran sassa, kamar wutsiya mai lanƙwasa ko ƙafafu masu yawa, yana son ya fi haka ɗumi kaɗan, domin hanyar da robar za ta bi matsattsiya ce kuma nan take fara sandarewa. Mazubin tana miƙaƙƙiya mai kauri kuwa ko da ɗan sanyinsa yakan cika. Wasu ba sa ɗumamawa sam, sukan yi zubi biyu na farko a matsayin sadaka, su bar robar ta ɗumama ƙarfen da kanta, su mayar da abin da ya fito cikin kofi. Hanya ce mai aiki, sai dai tana ƙara wa robar yawan komawa wuta, kuma kowace komawa tana rage mata kyau.

Lokacin sanyi akwai ƙarin dalili. Ƙarfe mai sanyi da aka shigo da shi wuri mai ɗumi yana yin raɓa a jikinsa, wadda ido ba ya gani sosai. Ɗumamawa na korar ta.

Mataki na uku: dafa roba

Kafin ka tsiyaya, ka girgiza jarkar ko ka motsa ta har ƙasa. Garin PVC yana kwanciya a gindi, kuma in ka ɗebi saman kawai za ka samu ƙoto mai danƙo da maiƙo wanda ba ya ƙarfi, daga baya na ƙasan ya fito da tauri kamar taya. Bayan girgizawa ka bar ta ta ɗan huta, kumfar ta taso ta fashe.

Ka zuba kamar rabin kofi zuwa kashi biyu cikin uku, kada ka cika. Sa a maikirowef, minti biyu a karon farko, gwargwadon ƙarfin na'urarka da yawan robar. Fito da shi ka motsa. Za ka ga ta yi kauri, ta yi gudaji, kamar ta lalace. Ba ta lalace ba, hanya ce take bi. Daga nan sai ka riƙa mayarwa daƙiƙa 30, ka fito ka motsa, ka auna, kuma idan ta kusa sai ka rage zuwa daƙiƙa 15. Maikirowef ba ya dafawa bai ɗaya, wani wuri na iya ƙonewa wani bai nuna ba, shi ya sa motsawar ba ta da makawa. Kada ka manta wuƙa a cikin kofi ka rufe na'ura. Motsawar kuma a hankali, kana bin gefe da ƙasa, ba kaɗawa ba.

Idan ta koma garau, tana zuba kamar zuma mai ɗumi, ma'auni ya nuna 177, ta nuna. Wannan adadin dole ne sabuwar roba ta taɓa shi sau ɗaya. Wadda ba ta kai ba tana fita da hazo-hazo, ta riƙa tsattsafo da mai, ta yage da wuri. Amma kada ka wuce shi da nisa. Tana doshin 190 za ta fara yin ruwan ɗorawa, in ta zarce ta yi ruwan ƙasa, ta yi baƙi, ta saki hayaƙi mai ɗauke da iskar haidirojin kulorayid, mai yaji a ido da maƙogwaro. In haka ta faru, kashe na'urar, fitar da kofin waje, ka bar wurin ya sha iska. Robar da ta ƙone ba ta gyaruwa, kuma cokali ɗaya nata na ɓata sabon kofi. Akwai ruwan da ake sayarwa na ƙara mata juriyar wuta, 'yan ɗigo kaɗan na taimakawa, musamman ga launin fari ko garau da ke saurin nuna ƙuna.

Sai launi, ɗigo-ɗigo. Ka ƙirga, ka rubuta, domin ranar da ka dace da launin da kifi ke so za ka so ka maimaita. Don ganin ainihin launin, ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai sanyi ka ɗaga shi ga haske, a cikin kofi kullum ya fi duhu. Ƙyalƙyali, wato ɓarɓashi mai walƙiya da ake zubawa cikin robar, shi ne na ƙarshe, bayan robar ta ɗan sauko, saboda zafi mai yawa na nannaɗe shi ya zubar da launinsa. Gishirin da ake sawa don ƙoto ya yi nauyi ya nutse yana jan laima daga iska, sai ka busar da shi tukuna, kuma shi da ƙyalƙyali duk suna nutsewa ƙasan kofi, don haka motsawa ta ƙarshe tana zuwa ne daf da ɗiba.

Mataki na huɗu: turawa

Ba a 177 ake turawa ba. Ka bar robar ta sauko tsakanin 150 da 165. Siraran siffofi na son saman wannan zangon, masu kauri na son ƙasansa. Kafin nan ka riga ka haɗa mazubin, ka matse shi da ƙarafa sama da ƙasa, ka tsayar da shi bakinsa na kallon sama a kan tebur da ba ya girgiɗi. Haɗa mazubi ba aikin da ake yi da kofi a hannu ba ne. A nan karin maganar nan ta a bari ya huce tana cika: ka tsaya neman abin matsewa, ka dawo ka tarar roba ta yi fata.

Shi ma sirinjin alminiyum ne, shi ma ɓarawon zafi ne. Ka tsoma bakinsa, ka ja roba, ka mayar cikin kofi, sau biyu ko uku, har jikinsa ya ɗauki zafi. Sannan ka ja cikakke a hankali, bakin na nutse don kada ya sha iska. Ɗaga shi, ka ɗan tura har roba ta leƙo, iskar da ke gaba ta fita. Kafa bakin a bakin mazubi sosai, fuskarka ba ta saitinsa, ka tura da ƙarfi ɗaya mara yankewa. Ba kokawa ba ce. In ka danna da ƙarfin tsiya, roba za ta buɗa tsakanin ɓangarorin ta fito da geza a gefen ƙoto, ko ta fantsamo maka. In ka yi sanyin jiki, ta sandare kafin ta kai wutsiya. Za ka ji a hannunka lokacin da ya cika, sirinjin ya tsaya cak.

Kada ka cire nan take. Ka riƙe da ɗan matsi na daƙiƙa biyar zuwa goma. Dalili shi ne roba na tsukewa yayin da take hucewa, kuma tana fara daskarewa ne daga bango zuwa tsakiya. Tsakiyar da ke ruwa tana janyo ƙarin roba daga sama. In ta samu, ƙoto ya fita cike. In ba ta samu ba, sai ta janyo bangon ciki ya lotsa, ko ta bar rami a kan ƙoton. Bayan ka zare sirinjin, ka cika bakin mazubin da roba, ka zuba masa ido. Za ka ga tana nutsewa. Ka sake cikawa har ta daina. Sauran da ke cikin sirinji ka mayar kofi tun bai daskare ba.

Mataki na biyar: buɗewa da hucewa

Ƙananan ƙoto minti biyu zuwa uku sun isa, manya su kai biyar ko fiye. Ka taɓa robar da ke bakin mazubi da wuƙa, in ta yi ƙarfi kamar roba ba kamar kunu ba, ka kwance ƙarafan. In ɓangarorin sun ƙi rabuwa, sa ɗan itace ko roba mai tauri, ban da sukundireba. Ka kama ta wajen jijiyar zubin, wato robar da ta daskare a hanyar da ta bi daga bakin mazubi, ka ɗago gaba ɗaya, kada ka ja wutsiya.

Ƙoton da ya fito yanzu bai gama zama ba. Duk yadda ka ajiye shi haka zai tabbata, kuma tana mai lanƙwasa juyawa take yi a ruwa ta murɗe zare. Ka rataye su ta jijiyar, ko ka shimfiɗa su miƙe a kan abu mai sumul, su kwana, awa 24. Wasu na jefa su cikin ruwan sanyi don su yi saurin kamewa. Babu laifi, amma bokitin ya yi nesa da kofi da mazubi, kuma ka busar da hannunka kafin ka koma.

Idan mazubi ya yi zafi da yawa

Bayan zagaye kaɗan abin zai juya. Ƙoto ya fara fita da lotsawa a ciki duk da ka cika baki, geza ta bayyana inda da babu, ƙyalƙyali ya taru gefe ɗaya saboda robar ta daɗe tana ruwa, lokacin jira ya ƙaru. Mazubin ya ƙoshi da zafi ke nan, ba ya iya karɓar wani. Buɗe shi, ka sa ɓangarorin gaban fanka, ko ka kifa su a kan wani dunƙulen ƙarfe mai kauri ya janye zafin. Ka kuma sauko da zafin robar da digiri biyar ko goma. Kada ka tsoma mazubi mai zafi cikin ruwa. Ko bai karkace ba, ruwa zai laɓe cikin kafofin iska da ramukan ƙusa yana jiran zubi na gaba. Mafi sauƙi shi ne mazubi uku ko huɗu kana zagayawa, ɗaya na cike, ɗaya na hucewa, ɗaya na jira.

Da sannu za ka iya karanta ƙoto kamar wasiƙa. Guntuwar wutsiya da layi a jiki, sanyi ne, ko na ƙarfe ko na roba, ko kuma kafar iska ta toshe. Lotsawa da geza, zafi ne ko ƙarfin hannu. Ƙananan kumfa ko'ina, laima ce ko kaɗawa. Babban rami a kai, ba a cika baki ba, ko sirinji ya sha iska. Abu ɗaya za ka sauya a kowane gwaji. In ka ƙara wa mazubi zafi ka kuma ƙara wa roba a lokaci guda, ko ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba.

Buɗaɗɗen mazubi da launi hawa-hawa

Buɗaɗɗen mazubi ɓangare ɗaya ne, ana tsiyaya masa roba daga kofi. Shi yana son zafi fiye da mai rufewa nesa ba kusa ba, domin babu matsin da zai tura robar, da kanta za ta kwarara. Ka fara daga siririn wuri, zaren zubin siriri, ka gangaro zuwa mai faɗi, ka cika har ya ɗan yi tozo, tsukewa za ta daidaita shi.

Amfaninsa shi ne launi biyu ko uku, ciki fari, baya duhu. Matsalar ita ce hawan farko kan daskare kafin na biyu ya zo, su ƙi haɗuwa, kifi na cizo su rabu kamar ɓawo. Shi ya sa ake barin mazubin a kan farantin lantarki lokacin zubi, da zafin da ya wuce taɓawa da hannu. Ka zuba na farko, ka jira ya yi 'yar fata wadda za ta iya ɗaukar na biyu ba tare da sun gauraya ba, ka zuba na biyun da zafinsa. Bayan ka gama, ka ɗan ƙara wuta har saman ya yi sheƙi ya kwanta, alamar hawan sun narke cikin juna, sannan ka kashe ka bar shi ya huce a inda yake. Yana cin lokaci, kuma in ka yi sakaci launukan su cakuɗe su zama ruwan kwata. Ni dai a ganina babu ƙoton da ya kai wannan kyau.

Ragowar jijiyoyi da ƙoton da suka lalace ana sake narka su. Ka yanka ƙanana, ka haɗa da sabuwar roba, ka tara masu launi ɗaya wuri ɗaya, in ba haka ba komai ruwan ƙasa yake komawa. Kada ka jefa ƙoton kanti da ba ka san irin robarsa ba. Akwai wani iri mai miƙewa sosai wanda ba PVC ba ne, ko a akwati ɗaya aka ajiye su narka juna suke yi.

Kan dalma

Ƙoton roba yakan buƙaci kai mai nauyi da aka zuba a wuyan ƙugiya, shi ma a mazubin alminiyum. Da dalma ake yi, ina nufin ƙarfen nan mai nauyi mai guba, wanda ke narkewa a digiri 327, ana kuma zuba shi yana tsakanin 370 da 400. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai komai ya fi tsanani. Mazubi mai sanyi na fitar da kai mai tamoji ko wanda wuyansa bai cika ba. Ka ɗora shi a bakin tukunyar narkawa ya yi zafi, ka yi zubi uku ko huɗu babu ƙugiya, sannan ka fara sawa. Baƙin hayaƙin kyandir a cikin gurbin yana rage saurin satar zafi, ya kuma sa kan ya fita ba gardama. Zubin da sauri ake yi, a tashi ɗaya, da ludayin da shi ma ya yi zafi. In kan ya fara fita da fuska dusu-dusu mara sheƙi, ko yana daɗewa bai kame ba, zafi ya yi yawa, ka dakata.

Ruwa a narkakkiyar dalma fashewa ce, ko gumin goshi ne. A waje ake wannan aikin, ba a ci ba a sha a wurin, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, kayan aikin kuma ba sa shiga inda yara suke, domin gubar dalma ta fi yi musu illa. Ka kuma duba dokar inda kake kamun kifi: Birtaniya ta hana sayar da yawancin ƙananan nauyin dalma na kamun kifi tun 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su suna mutuwa. Mai son kauce wa dalma yana iya zuba kuza, wadda ke narkewa a 232, sai dai ba ta kai ta nauyi ba, kan zai fi girma kafin ya nutse daidai. Akwai kuma bismut, amma shi kumbura yake yi idan yana daskarewa, yakan cije a cikin mazubi, don haka sai an haɗa shi da kuza an kuma shafa wa gurbin baƙin hayaƙi sosai kafin a zuba.